Yadda ake sa wa keken laima shokozoba a baya ba tare da ya riƙa kwanciya ba

Keken laima, wanda masu wasan ke kira bagi, ƙafa uku gare shi: ɗaya a gaba wadda ake juyawa da ƙafafu, biyu a baya a kan aksul guda. Ba inji, ba birki. Babbar laima ce mai igiyoyi ke cika da iska ta ja ka a kan yashin bakin teku ko busasshen tafki. Tun da Peter Lynn na Niyu Zilan ya fito da irin wanda ake hawa yanzu a 1990, yawancinsu haka ake sayar da su, ƙarfe zalla, babu sifirin ko ɗaya. Taya da kujerar yadi ke shanye gargada. A kan yashin da ruwa ya shafe sumul wannan ya wadatar, kuma a wuri irin busasshen tafkin Ivanpah na Kalifoniya, inda aka wuce kilomita 130 a awa, ƙasar shimfiɗe take. Amma ranar da ka faɗa yashin da igiyar ruwa ta yi wa kunya-kunya, ko filin ciyawa mai ramuka, ƙugunka zai ba ka labari kafin dare.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka taɓa ƙarfe. Laima gefe take jan ka, da sama, fiye da yadda take jan ka gaba. Ƙafar baya da ke ɓangaren laimar ita ke ɗaukar nauyin, ɗayar kuma kullum neman tashi take. In ka ba kowace ƙafa sifirin nata mai laushi, kamar na mota, keken zai kwanta wajen laimar, ya taimaka mata ta fizge ka. Na farkon da na haɗa haka na yi shi. A tsaye abin sha'awa, kana dannawa yana lilo. Da iska ta buga sai na ga ƙafar hagu ta yi sama, ni kuma na fita ta dama ina share yashi da kafaɗa. Tun daga nan nake barin aksul ɗin sanda guda, ya hau gaba ɗayansa ya sauka gaba ɗayansa, irin bayan babur mai ƙafa huɗu. Shi zan nuna maka: aksul zai zauna a kan hannuwan ƙarfe biyu, kowanne yana kaɗawa sama da ƙasa a kan gaɓa, wato boltin da ya haɗa shi da jikin keken, shokozoba kuma na tokare da hannuwan.

Kayan da za ka tanada

Na aiki:

- Injin walda, ko mai walda da ya saba da siririn bututu
- Injin yanka da gurza ƙarfe, da zarto
- Injin huda da bakuna na milimita 8 da 12, da wanda ya yi daidai da bushi
- Sifanu, tef na awo, lebur, sukwaya, alli ko maka
- Abin matse ƙarfe, aƙalla 4
- Sikelin da mutum ke hawa ya auna kansa
- Famfon taya mai agogon da ke nuna ƙaramin matsi
- Kwali mai kauri da guntayen katako
- Gilashin ido da safar hannu

Na haɗi:

- Shokozoba 2 na bayan keken hawa dutse, masu sifirin ƙarfe, tsawon milimita 165 daga ido zuwa ido. Irin wannan yakan nutse milimita 38. Nemi mai mai a ciki, in da hali mai maɓallin saita dawowa
- Bututu mai kusurwa huɗu, milimita 30 da 30, kauri milimita 2, tsawo kamar mita 2
- Falankin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6 don kunnuwa, wato guntayen ƙarfe masu rami da bolti ke ratsawa
- Bolti M12 guda 2 masu lamba 8.8 don gaɓa, da M8 guda 4 don shokozoba, amma ka fara auna idon naka, wasu 6 ne
- Noti masu roba a ciki, waɗanda jijjiga ba ta kwance su
- Bushi na nailan ko foliyuretan, da guntun bututun ƙarfe da zai zauna cikin kowanne
- Washa na nailan
- Doguwar sandar ƙarfe miƙaƙƙiya mai kaurin milimita 12, wadda ta fi faɗin keken
- Giris, da tsohon tiyub na keke

In a bakin teku kake hawa, ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316 ya fi jure gishiri. In baƙin ƙarfe ka samu, ba laifi, sai dai fenti mai kyau da wanki bayan kowace fita. Kuma ka gaya wa mai walda irin ƙarfen jikin keken. Haɗa baƙin ƙarfe da wanda ba ya tsatsa yana son sandar walda 309. Da ta yau da kullum haɗin kan tsage daga baya.

1. Fara da taya, wataƙila aikin ya ƙare a nan

Mutane da yawa da ke neman shokozoba iska ce ta yi wa tayarsu yawa. In manyan tayoyin nan masu kumburi kake da su, irin 21x12-8, sauke su zuwa tsakanin psi 5 da 10 ka hau hanyar da ta saba wahalar da kai. In ƙananan tayoyin baro ne, 4.80/4.00-8, canza su zuwa masu faɗi kawai yana rage jijjiga sosai. Kada dai ka sauke iskar har taya ta riƙa naɗewa a kwana, domin jan gefe na iya zare ta daga rim. Sassauta igiyoyin kujera kaɗan, ka sa soso mai tauri a ƙasa. In bayan wannan har yanzu bayan keken na tsalle yana zamewa, ci gaba.

2. Auna keken yadda yake

Ajiye shi a daɓe mai lebur. Zana layin tsakiya a ƙasa da alli, daga tayar gaba zuwa tsakiyar aksul. Sauke alamar inda tsakiyar kowace tayar baya take, ka rubuta tazarar aksul daga ƙasa, da tazararsa daga aksul ɗin gaba. Sannan ka zauna ciki, wani ya auna maka tsakanin gindin kujera da ƙasa.

Wannan wuri na aksul shi ne za ka kare. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗaura hannuwan a ƙarshen ƙarafan gefe, aksul ya koma baya da taƙi guda ko fiye. Keken ya ƙara tsawo, nauyi ya karkata gaba, bayan ya yi sakayau ya riƙa zamewa da zarar laima ta cika. Aksul ya tsaya inda yake. Gaɓar ce za ta matsa gaba.

Yanzu nauyi. Sa sikeli ƙarƙashin tayar baya ɗaya, ka sa katako mai kaurin sikelin ƙarƙashin sauran biyun don kada keken ya karkace. Zauna da hular kwanonka da ɗamarar da kake maƙala laima, ƙafa a kan matakai. A karanta, a ninka biyu. Sai ka cire aksul da tayoyinsa ka auna su daban, ka mayar da su wurinsu, ka debe daga jimlar, tun da su sifirin ba ya ɗaukar su.

3. Lissafin sifirin

Nan ne mutane ke gudu, alhali lissafin bai fi na cefane ba. Bari mu ɗauki misali. Baya ya nuna kilo 90, aksul da tayoyi kilo 15, saura kilo 75 a kan sifirin.

Tafiyar da muke so a taya gajeriya ce, milimita 60. Kada kwaɗayi ya kai ka 100 ko 120. Kujerar bagi kusa da ƙasa take, kuma duk tsawon da ka ƙara sai ka ɗaga kujera, ɗaga kujera kuwa kifewa yake jawowa. Shokozoba na nutsewa 38, taya na tafiya 60, ninkin ya zama kusan 1.6. Ana samun wannan ninki daga inda ka ɗaura shokozoba a jikin hannu: in daga gaɓa zuwa aksul milimita 320 ne, ka sa kunnen shokozoba a 200 daga gaɓa. Raba 320 da 200, ka ga 1.6.

Nauyin da zai hau shokozoba shi ne 75 sau 1.6, wato kilo 120, kowanne ya ɗauki 60. Muna so in ka zauna ya lotsa kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyarsa, milimita 9.5. Raba 60 da 9.5, kilo 6.3 ke nan a kowace milimita. A jikin sifirin keke da fam a kan inci ake rubutawa, don haka ka ninka da 56. Ya ba ka kusan 350.

To ga tarkon. Shokozoba masu araha da yawa 750 ne a rubuce jikinsu, wasu ma fiye. Ka sa biyu irin wannan, ka yi walda ta kwana biyu ka ƙare da keken da bai san an sa masa komai ba, sai ƙarin nauyi. In su kaɗai ke hannunka, hanya biyu ce. Ko ka yi amfani da guda ɗaya a tsakiya, in akwai wuri bayan majinginar kujera, domin lissafin guda ɗaya kusan 700 yake bayarwa. Ko ka matso da kunnen kusa da gaɓa, ninki ya ƙaru. Ka sani ƙarfin sifirin da taya ke ji yana raguwa ne da ninkin sau kansa, saboda haka ɗan matsi kaɗan na kawo babban bambanci, kuma tafiyar tayar za ta ƙaru, sai ka sa robar tsayarwa ta tare ta a 60. Ni dai na fi son sayen sifirin da ya dace, tun da ana cire shi a canza.

4. Gwada da kwali kafin ka yanka

Yanke hannu ɗaya na kwali da ainihin girmansa, da ramukansa uku: gaɓa, kunnen shokozoba, aksul. Kafa gaɓar da ƙusa a jikin katako a gefen keken, ka juya hannun sama da ƙasa. Daga inda aksul ke zama in kana ciki, zai hau milimita 45, ya sauka 15. Duba me zai taɓa. Yawanci ƙarshen ƙarafan gefe ne ke tare shi, sai an rage su ko an lanƙwasa su sama. Duba igiyoyin kujera, duba gwiwar hannunka in kana riƙe da laima, kada ta riƙa bugun kan shokozoba.

Abu biyu za ka nema a nan. Hannun ya kasance kusan a kwance in kana zaune, ko gaɓar ta ɗan fi aksul tsayi kaɗan. Shokozoba kuma ya tsaya kusan a miƙe kan hannun, kamar sukwaya, musamman wajen ƙarshen nutsewa. In ya kwanta sosai lissafin mataki na 3 ya rushe, sifirin zai yi laushi daidai lokacin da kake buƙatar taurinsa.

Sannan gindin kujera. In shokozoba ya nutse ƙarshe, ya kamata a samu kamar milimita 50 tsakaninka da ƙasa, domin taya ma tana lotsawa. Wanda dutse ya taɓa samu a ƙashin gindi yana cikin gudu ba sai an yi masa bayani ba.

5. Sa giciye tun kafin ka cire aksul

A yawancin kekunan nan aksul ne ke riƙe ƙarafan gefe biyu daga baya. Da ka raba shi da su, ba abin da ya haɗa su sai yadin kujera. Na taɓa mantawa da wannan. Ina zama ciki don gwaji, ƙarafan suka matso suka danne mini ƙugu kamar awartaki, awon da na yi duk ya tashi a banza.

Don haka, aksul na nan a ɗaure, yanke bututu ka gitta shi tsakanin ƙarafan gefe a bayan majingina, sama da inda aksul zai kai in ya hau. Wannan giciye aiki biyu yake yi: yana riƙe jikin keken, kuma a kansa ko kusa da shi kunnuwan sama na shokozoba za su zauna. In akwai hali ƙara na biyu kusa da gaɓa, ta ƙarƙashi, matuƙar ba zai taɓa kujera ba.

In ba ka so a yi wa keken walda, ko bututunsa siriri ne ƙwarai, yi maƙalai masu rabi biyu da ke rungumar bututun a ɗaure da bolti huɗu-huɗu. Ya fi cin lokaci, amma kana iya mayar da keken yadda yake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne huda ƙarfen gefe a zura bolti kai tsaye. Bututun zai matse, ramin ya zama mafarin tsagewa. In dole sai an huda, a zura guntun bututu cikin ramin a walde shi.

6. Hannuwa da gaɓa

Yanke hannuwa biyu tare, ka matse su wuri guda ka yi musu alama lokaci ɗaya, don kada ɗaya ya fi ɗaya ko da milimita 1. A kan kowanne ka walda guntun bututu mai kauri wanda bushi zai shige a matse. A ɗaya kan kuma falanki mai ramuka daidai da inda aksul ke ɗaure da ƙarafan gefe a da. Haɗin hannu da aksul nan ne jan gefe ke taruwa, kuma shi ke hana keken kwanciya, saboda haka bolti biyu aƙalla a kowane ɓangare, da falankin ƙarfe mai kusurwa uku a walde tana tokare. In haɗin nan na motsi, ka koma gidan jiya.

Me ya sa bushi, ga boris? Gaɓar nan ba zagayawa take ba, 'yar kaɗawa ce kawai, kuma cikin yashi da ruwa take rayuwa. Boris kan ci wuri ɗaya ya yi tsatsa. Bushi ba ruwansa. Guntun bututun da ke cikin bushi ya ɗara shi tsawo da kamar rabin milimita, yadda in ka ɗaure bolti shi zai kama, bushin ya riƙa juyawa a kansa. Sa washa na nailan a kowane gefe.

Kowace gaɓa kunnuwa biyu, hannu a tsakaninsu, bolti ya ratsa duka. Kunne ɗaya da bolti a rataye kamar ƙugiya zai lanƙwashe.

Ga inda doguwar sandar nan ke aiki. Ƙarafan gefe ba kasafai suke tafiya daidai da juna ba, sukan buɗe ta baya ko ta gaba. In ka bi su wajen kafa kunnuwa, gaɓar hagu za ta kalli wani wuri, ta dama wani wuri, aksul ya ƙi motsi ko ya cinye bushi cikin mako. Zura sandar ta ratsa kunnuwan huɗu gaba ɗaya, ka daidaita ta da lebur, ka tabbata ta yi sukwaya da layin alli, sannan a ɗiga walda. Sandar na ciki har ƙarfen ya huce.

Wajen huda ƙarfen da ba ya tsatsa, sassauta gudun injin, ka danna da ƙarfi, ka ɗiga mai. In ka bar bakin yana gogawa ba ya ci, wurin zai taurare ya ƙone maka shi.

7. Kunnuwan shokozoba

Kada ka yi wannan da shokozoba na gaske. Yanke falanki biyu ka huda ramuka a tazarar milimita 155, wato 165 ban da lotsawar da za ta faru in ka zauna. Tokare jikin keken da katako a tsayin da ka rubuta a mataki na 2, aksul a kan alamominsa, ka ɗaura falankan a madadin shokozoba, su nuna maka inda kunnuwan sama za su faɗa. Ɗiga walda kawai.

Yi wasu biyu masu 127, tsawon shokozoba in ya nutse ƙarshe. Ɗaura su, ka juya tayoyi da hannu, ka leƙa ko'ina. Ba abin da ya kamata ya taɓa wani. Ka tuna sifirin ya fi falanki faɗi, ka bar masa wuri kewaye.

In ka ga wuri, huda ramuka uku a kunnen ƙasa, a 185, 200 da 215 daga gaɓa. Wannan ɗan aiki na minti goma zai ba ka damar tausasawa ko taurarawa a fili da sifana kawai. Idon sama da na ƙasa su kasance a layi ɗaya in ka kalle su ta baya. Shokozoba ba ya son a murɗa shi gefe, sandarsa za ta ci robar da ke riƙe mai.

8. Walda ta ƙarshe da haɗawa

Kafin a cika walda, auna daga boltin wuyan gaba zuwa kowane ƙarshen aksul. Awon biyu su zo ɗaya, bambancin kada ya wuce milimita 2 ko 3. Aksul karkatacce zai sa keken ya yi daɗi in laima na dama, ya riƙa gardama in tana hagu, ka yi ta zargin laimar.

Cire bushi, kujera da duk wani abu na roba. A yi walda kaɗan nan, kaɗan can, ana canza gefe, don zafi kada ya ja ƙarfen. In akwai ƙarfe mai rufin tutiya, a gurje rufin tukuna a kuma yi aikin a sarari, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Shokozoba kuwa ko kusa da wuta kada ya zo, akwai mai da iska a matse cikinsa.

Wajen ɗaurewa, shafa giris a zaren duk boltin da ba ya tsatsa. Irin wannan ƙarfe in ya shiga notinsa a bushe yakan cije, ba gaba ba baya, sai yanka. Ya taɓa kama ni a boltin gaɓa, noti ya tsaya saura zare uku, na ƙare da zarto a hannu. Ɗaura hannuwan da aksul ba tare da shokozoba ba, ka ɗaga ka saki. Ya sauka da nauyinsa, ba cijewa. Kama ƙarshen aksul ka girgiza gefe da gefe, kada ka ji ƙwas-ƙwas. Sannan ka sa shokozoba.

9. Saita lotsawa

Ɗaura siririyar igiyar roba a sandar kowane shokozoba, ka tura ta har jikin gangar. Shiga a hankali, ka fito a hankali. Inda robar ta tsaya shi ne lotsawarka, muna neman 9 zuwa 10. In ta wuce, murɗa zoben da ke danne sifirin. Zagaye biyu, in ya yi yawa uku. In har sai ka wuce nan, sifirin ne ya yi laushi, canza shi ko ka koma ramin 215. In ba ta kai ba alhali zoben a sake yake, koma 185. Gefe biyun su zama ɗaya.

Sai dawowa. Danna bayan keken da ƙarfi ka saki: ya taso ya tsaya, kada ya yi tsalle. Wannan ya fi muhimmanci a bagi fiye da a keke, saboda laima na ɗage maka nauyi. Sifirin da ba mai riƙe shi in ya harba sama daidai lokacin da laima ta ɗaga, kai ne za ka bar kujera. Amma in ka ƙulle dawowar da yawa, a kan kunya-kunyar yashi ba zai samu sararin miƙewa ba, zai yi ta nutsewa har ya ƙare. Fara da maɓallin saita dawowa a tsakiya, ka riƙa ƙara danni ɗaya-ɗaya.

10. Gwaji

Ranar farko ba laima. Wani ya tura ka, ko ka gangaro ɗan tudu, da hular kwano. Bi ta kan gargada, ka yi kwana mai kaifi hagu da dama, ka tsaya ka duba robar sanda da kowane noti. Bayan nan ka ɗauki ƙaramar laima a iska mai sauƙi, wurin da ba jama'a, ka tabbata abin sakin laima na gaggawa na aiki.

Abin da za ka saurara: in robar na kaiwa ƙarshe a kowace tafiya, ya yi laushi. In ba ta wuce rabi ko a mummunan wuri, ya yi tauri. In keken na kwanciya wajen laima fiye da da, ba laifin sifirin ba ne, wani abu na murɗewa, ko haɗin hannu da aksul, ko giciyen. Sa wani ya ɗaga tayar baya ɗaya kana ciki, ka ga inda ke bayarwa. Bayan awa biyu na hawa sake ɗaure komai, ka duba bakin kowace walda da fitila; layin tsatsa siriri kamar gashi alamar tsagewa ce.

In babu shokozoba

Robar tsayarwa ta mota, ko dunƙulen foliyuretan, a tsakanin hannu da giciye tana aiki, ta ba ka milimita 20 zuwa 30 a taya. Ba ta tsoron yashi, ba nauyi, kuma roba da kanta tana ɗan shanye harbawa. Sai dai dole ka ɗaura guntun bel ɗin mota ya hana aksul faɗuwa ƙasa in keken ya tashi. Ga jijjigar ƙananan kunyoyi, wannan ta ishi mutane da yawa. Shokozoba na ƙaramin babur ma na shiga, amma dogo ne kuma da nauyi, sai ka sake lissafin daga farko da tafiyarsa. Akwai masu yin aksul da falankin zaren gilashi mai lanƙwasa. Yana da sauƙin nauyi, amma kowace ƙafa na lanƙwasa ita kaɗai, kuma ba abin da ke riƙe dawowarsa.

Gaba fa?

Ka bar shi. Matakan ƙafarka a jikin fok suke, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, gwiwoyinka na shanye mafi yawan bugun, kuma duk motsin da ka ƙara a nan yana canza yadda keken ke juyawa kana cikin gudu. Taya mai faɗi da iska daidai ta wadatar. In kana shiga tsere, karanta dokar ajinka kafin ka canza komai a jikin keken.

Abu na ƙarshe, tsohon tiyub ɗin nan. Yanke shi ka sa wa kowane shokozoba riga, ka ɗaure sama ka bar ƙasa a buɗe don ruwa ya fita. Bayan kowace fita a gishiri, ɗaga rigar ka wanke da ruwan daɗi, ba da matsi mai ƙarfi ba, ka goge sandar ta bushe. Sau ɗaya a shekara zare boltin gaɓa ka duba bushi. In ramin ya zama kamar ƙwai, canza duka biyun tare.